Ranar da Aka Rufa wa Goggo Rakiyatu Asiri

A unguwar Hausawa ta New Bell, a birnin Douala, ba a cewa mutum talaka ne. Sai dai a ce yana cikin rufin asiri, ko a ce Allah bai buɗa masa ba tukuna. Za a iya cin namanka a bayan idonka, a sauya maka takalmi a ƙofar masallaci, amma ranar da baƙo ya tsaya ya tambaya ko kana samun na sawa a baki, unguwa kaf za ta rantse cewa har zubarwa kake yi. Muna ji da wannan hali namu ƙwarai da gaske. Abdurrazak kuwa, ɗan wan Goggo Rakiyatu, a cikinmu ya tashi, ya san halin ciki da waje.

Gidan da ake magana a kai na katako ne, a wani lungu bayan masallaci inda kwata ke cika ta shigo tsakar gida duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi. Malam Abdurrazak mai goro ne ya gina shi tun unguwar tana fadama. Ya rasu ya bar 'ya'ya biyu, Awalu da ƙanwarsa Rakiyatu, kuma ba a raba gado ba, domin a lokacin babu wanda ya ga abin rabawa a katako da sauro. Awalu ya zauna a ɗakunan gaba da iyalinsa. Rakiyatu ta yi aure, mijin ya rasu ba ta haihu ba, ta dawo ɗakin baya ta ajiye turminta.

Da wannan turmin ta ci abinci shekara da shekaru. Yaji take dakawa, masu gasa nama na bakin kasuwa suna zuwa saye. Da shi kuma ta reni ɗan Awalu bayan uwarsa ta rasu yana rarrafe. Yaron sunan kakansa Abdurrazak ya ci, saboda haka Goggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, Babana take ce masa. Ta goya shi tana daka, barkono ya shiga masa ido ta hure masa, ta saya masa littattafai da takalmin makaranta. Ya girma ya iya Faransanci kamar a bakinsa aka ƙirƙire shi, ya samu aiki a wani kamfanin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, ya koma gidan bene a Deïdo, ya fara sa tabarau ba don ciwon ido ba. Ita kuwa kafaɗarta ta mutu, injin niƙa ya kwashe mata masu saye, turmin ya koma abin zama.

Ba ta roƙo, ba a kuma ba ta sadaka. Abin da ake yi shi ne, da yamma Rahinatu matar tela za ta shigo da kwano a rufe ta ce Goggo ta ɗanɗana mata miyar nan ta ji ko gishiri ya yi. Gobe wata ce za ta zo da tambayar gishirin. Goggo ta ce ya ɗan yi yawa, a yi dariya, a manta da kwanon. Ranar da kowacce ta ɗauka wata ta kai, sai ta sha ruwa ta kwanta, da safe a tambaye ta kwana ta ce lafiya lau.

Awalu ya rasu, aka yi sadakar arba'in, sai ga shi takardar filin sunansa kaɗai ke ciki, domin a zamanin da aka yi ta namiji ne ke zuwa ofis. Abdurrazak ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaida Goggo, sannan ya ce zai mai da gidan masaukin fatake masu zuwa daga Garoua da Kousseri, ita sai ta koma Arewa wurin dangi ta huta. Goggo ta yi dariya har da tafa hannu, ta ɗauka wasa yake. A lungun nan aka binne cibiyarta, Arewa kuwa a bakin mahaifinta kawai ta san ta. Liman ya kira Abdurrazak ya yi masa nasiha, ya saurara kansa a sunkuye ya ce to, mako bai zagayo ba ya kai ƙara. Goggo ta ƙi zuwa kotu, ta ce ita ba za ta tsaya gaban alƙali da yaron da ta wanke wa kashi ba. Aka yi shari'a babu ita, aka ce ta tashi.

Bilki ce ta karanta mata takardar hukuncin. Bazawara ce mai haya a gidan da ke kallon nasu, tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Ndogbong, kuma bakinta ba ya da murfi. Ta ce wa Goggo hanya ɗaya ta rage, ta koma kotu ta nemi a sake duba maganar, tunda akwai tsofaffi biyu da ransu waɗanda suka san gidan na Malam ne, ita ma tana da rabonta a ciki. Kwana biyu Goggo tana juya maganar tana kallon rufin ɗakinta. A na uku ta yafa mayafi suka hau babur zuwa Bonanjo, inda kotun take.

A tagar magatakardan kotu aka tambaye ta sunan wanda take ƙara. Ta buɗe baki ta rufe, ta kalli Bilki, Bilki ta ja tsaki ta faɗa. Magatakardan ya rubuta, sannan ya ce kafin alƙali ya ko kalli takardar sai an ajiye kuɗin shigar da ƙara, ya faɗi adadin. Ko Goggo ta sayar da turmi da tukwane da akwatin aurenta, ba za ta kama ƙafar kuɗin ba. Mutumin ba mugu ba ne, ya ga yadda fuskarta ta faɗa, sai ya rage murya ya ce doka ta yi tanadi, gwamnati tana ɗauke wa mara ƙarfi wannan nauyi. Sharaɗin shi ne a kawo takardar shaidar talauci daga ofishin magajin gari, su kuma ba sa bayarwa sai ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta je gida ta gani da idonta. Ya ƙara da cewa su hanzarta, akwai wa'adi, in ya wuce babu kuɗi babu takarda to hukuncin farko ya zauna daram.

Suka fito bakin titi. Sai da suka tsaya jiran babur Goggo ta tambaya a hankali ko da gaske takardar sunanta ke nan, shaidar talauci, kuma da sunanta da na mahaifinta za a rubuta a ciki.

"Goggo, takarda ce kawai," in ji Bilki. "A aljihun tebur za ta ƙare. Ko kin fi son ki kwana a bakin kwata da sunan Malam a goshinki?"

Wani zai ce me ya hana unguwa ta haɗa mata kuɗin. Ni ma na yi wannan tambayar, kuma amsar ba ta da daɗi. Abdurrazak shi ke fitar wa rabin 'yan kasuwarmu kaya daga tasha, shi ke rubuta musu takardun haraji, shi ya sa tayil a wurin alwala. Duk wanda ya sa hannu a aljihu don ƙarar Goggo ya zaɓi ɓangare ke nan, kuma za a ji. Saboda haka kowa ya tausaya mata sosai, aka yi ta girgiza kai, aka ƙara nama a kwanon gishiri.

Suka shigar da buƙatar. Bayan 'yan makonni ma'aikaciyar ta aiko ta hannun mai unguwa cewa ranar Talata tana tafe, kuma abin da mai unguwa ya ji da safe, mai shayi ya ji kafin azahar. Bilki ta zaunar da Goggo ta yi mata karatu kamar ɗalibar allo. Kada ta taɓa komai a ɗakin, ko shara kada ta yi. Bokitan tarar ruwan da ke zuba ta rufi su zauna inda suke, zanen jikinta shi ne dai, kuma in an tambaye ta ko tana kwana da yunwa ta ce e, domin gaskiya ce. Ita Bilki ta nemi hutun ranar an hana ta, amma da ta tashi aiki za ta taho kai tsaye.

Ranar Litinin bayan la'asar Abdurrazak ya shigo unguwa. Bai je wurin Goggo ba, gidan Hajiya Fatimatu ya nufa, mai sayar da leshi da atamfa, wadda ba a suna ko biki a lungun sai da ita a gaba. Ya cire takalmi tun daga zaure. Ya ce maganar kotu daban, wannan tsakaninsa da doka ne, amma jini jini ne, kuma abin da ya ji ya hana shi barci. Gobe wata mata daga gwamnati, ba tamu ba, ba ta san mu ba, za ta shigo ta leƙa tukunyar Goggo ta ɗaga tabarmarta, ta rubuta cewa 'yar Malam mai goro mabaraciya ce. Za a buga hatimi, a ajiye a ofis, duk mai shiga ya ji cewa Hausawan New Bell suna barin tsofaffinsu da yunwa alhali suna sa gwal. Nan ya cire tabarau ya murza idanu.

"Hajiya, ni dai yanzu ba ni da bakin magana a wurinta. Ku ne iyayenmu. Ku rufa mata asiri, abin da ake bukata ni zan aiko."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Hajiya kuwa jikinta ya yi sanyi, ta ce ashe yaron nan da sauran imani a zuciyarsa. Kafin magariba magana ta zaga gidaje, kuma a wannan karon babu wadda ta noƙe, domin aron labule ba shiga rigima ba ne.

Da safiyar Talata, Bilki na hawa babur mata suka cika ɗakin Goggo. Goggo ta tashi tana cewa Bilki ta ce kada a taɓa komai. Hajiya ta ce Bilki yarinya ce, bokon Faransa ya cinye mata kunya, ita Goggo ta zauna kawai ta bar musu aikin. Aka kwashe bokitai, kuma kamar da gayya ranar sama ta yi wasai, babu ko ɗigo, a garin da ruwa ba ya neman izini. Aka mirgina turmin bayan banɗaki. Inda katako ya ruɓe aka rataya labule mai ruwan zinariya, inda ƙasa ta fashe aka tanadar wa kafet wuri. Ba a jima ba sai ga amalanke daga Abdurrazak, ɗauke da firji fari tas mai ƙofa biyu, da kafet mai laushi, da fanka, da talabijin. An daɗe da yanke wa Goggo wuta, saboda haka aka ja waya ta kan katanga daga gidan Hajiya. Firjin ya fara gurnani, aka cika shi da lemo da ƙwai da rabin kaza.

Goggo ta sake gwadawa. Ta kama hannun Rahinatu ta ce mata a kunne wannan fa zai ɓata takardar. Rahinatu, wadda ta kawo farantanta na aure da ba ta taɓa cin abinci a ciki ba, ta dube ta da idanu cike da hawaye ta ce, Goggo ai mu ba za mu bari a wulakanta ki ba muna raye. Goggo ta saki hannun. Da ƙiyayya aka zo mata da ta san abin yi, amma waɗannan matan su ne suke ci da ita, kuma ga shi suna zufa suna goge mata bango. Aka yi mata wanka da sabulu mai ƙamshi, aka ɗaura mata leshi, Hajiya ta cire 'yan kunnenta na gwal ta sa mata da hannunta. Aka kunna turaren wuta har ɗakin ya daina warin kwata.

Ma'aikaciyar ta iso wajen azahar, Madam Ebonge, mace mai jiki, takalminta duk taɓo, da alamar gidaje da yawa ta shiga kafin nan. Shekarunta a wannan aiki ta saba da masu kai talabijin gidan maƙwabta kafin ta zo, da masu sa yara su yi kuka. Ta san inda ake duba ƙaryar talauci. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi firjin, ta dubi takardar hannunta, ta tambaya ko nan ne gidan Rakiyatu. Aka ce nan ne, ta shigo, maraba lale. Kafin ta zauna an jera mata shinkafa da kaza da soyayyen kifi da zoɓo mai sanyi. Ta tambayi kayan ɗakin na wane ne, Hajiya ta amsa da Faransancinta na kasuwa cewa na mai ɗaki ne mana. Ta tambayi yadda tsohuwar ke rayuwa, mata uku suka amsa tare cewa ba ta rasa komai ba, ita ce ma ke ba wasu.

Madam Ebonge ba wawuya ba ce. Ta lura da hannun Goggo, fatar ta yi kaushi, yatsun sun kanannaɗe, ba hannun mai gwal ba. Ta ce a ba su wuri. Matan suka fita, wato suka koma bayan labulen ƙofa, a gidan katako kuwa ko tari ka yi na waje ya ji. Ta jawo kujera kusa, ta sauya harshe zuwa Turancin kasuwa da duk wanda ya tsufa a Douala yake ji.

"Mama, ki faɗa min gaskiya, don taimakonki na zo. Kina kwana da yunwa?"

Goggo ta dubi ƙasan labulen. Ƙafafu ne a jere, ta san kowacce. Ga na Hajiya da lalle, ga na Rahinatu da faso a dunduniya, Rahinatu da ke da 'ya'ya shida da miji mai keken ɗinki ɗaya, amma ba ta taɓa tsallake ranarta ba. In ta ce e, to ta ce musu a gaban baƙuwa kwanonsu bai isa ba, shekarun nan duka banza suka yi. Ta san abin da Bilki ta ce, ta san abin da za ta rasa, ɗakin da aka haife ta ne. Ta ji nauyin 'yan kunnen a kunnenta. Kalma ɗaya ce ake nema.

"Ban taɓa kwana da yunwa a unguwar nan ba," ta ce. "Alhamdu lillahi."

"Firjin nan fa, da talabijin?"

"Ɗana ne ya aiko."

Madam ta tambaya ko ɗan yana aiki. Goggo ta ce yana yi, a tashar jirgi. Ta tambayi sunansa, Goggo ta sunkuyar da kai, sai Hajiya ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce babban ma'aikaci ne, har mota gare shi. Madam ta riƙe biro a sama ba ta rubuta ba, ta sake tambaya ko akwai abin da Mama take son ƙarawa, kowane ne. Fanka tana juyawa, firji yana gurnani. Goggo ta ce a ci abinci kada ya huce.

Madam ta rubuta abin da ta gani da abin da aka faɗa mata. Ta ɗan taɓa kazar don kada a ce ta raina, aka ƙulle mata sauran a leda, aka raka ta har bakin titi.

Bayan la'asar aka shiga kwashe kaya ana raha. Kowacce ta ɗauki nata, ana maimaita yadda matar ta zaro ido da ta ga firji, ana cewa yau ta san da Hausawa take. Hajiya ta karɓi 'yan kunnenta ta naɗe wayar wuta. Ana cikin haka Bilki ta shigo da rigar aiki, ta tsaya cak tana kallon firjin. Ba ta tambayi kowa ba, ta gane. Abin da ta faɗa wa matan nan ba zan maimaita ba, amma ta haɗa da Hajiya da gwal ɗinta, ta ce sun haƙa wa tsohuwa kabari sun shimfiɗa masa kafet. Hajiya ta ce ga irinta nan, a yi wa mutum alheri a samu zagi, suka fice suna jinjina rashin tarbiyyar 'yan zamani. Bilki ta juya ga Goggo ta tambaye ta me ta ce da aka tambaye ta. Goggo tana zaune a kan turminta da aka dawo da shi, cikin tsohon zaninta.

"Suna bayan labule, Bilki," ta ce.

Da aka aika a tambayi Abdurrazak yaushe za a mayar masa da nasa kayan, ya ce haba, a bar wa Goggo ta ji daɗinsu. Unguwa ta ƙara sa masa albarka. Ruwa ya dawo washegari, bokitai suka koma wurarensu. Goggo ta naɗe kafet ta jingine a inda ba ya zuba, ta lulluɓe talabijin da leda, ta matsar da tabarmarta jikin ƙofa domin firjin ya cinye rabin ɗakin. Babu wuta, saboda haka ba ya sanyaya komai, amma kullum da safe sai ta goge shi da tsumma kada ya yi tsatsa a hannunta, tunda kayan mutane ne.

Amsa ta fito yadda kowa mai hankali ya zata. An ƙi ba da takardar, domin bincike ya nuna mai neman tana da muhalli mai kyau da ɗa mai ɗaukar nauyinta. Bilki ta je ta samu Madam Ebonge ta kwashe labarin duka ta faɗa mata. Matar ta dafe kai, sannan ta ce sau biyu ta tambaya, kuma ba ta da ikon rubuta abin da ba a faɗa mata ba. Za a iya sake nema, amma sai an bi layi daga farko, wa'adin kotu kuwa ba zai jira ba. Bilki ta bi gida gida da kanta tana neman gudummawa. Waɗanda ta zaga ba su manta ba, waɗanda ba ta zaga ba suna da kaya a tasha. Abin da ta tara da albashinta a ciki bai kai ko'ina ba, magatakarda ya ce ba a karɓar rabi. Wa'adi ya cika, tsofaffin shaidun nan biyu ba a ko tambaye su sunansu ba.

Wata safiyar Laraba ma'aikacin zartar da hukunci ya zo da ɗan sanda ɗaya da 'yan dako biyu. Abdurrazak yana tare da su, cikin farar shadda, ya tsaya can gefe yana duba waya kamar wanda aka tilasta wa zuwa. Lungu ya cika, maza a bakin masallaci, mata a ƙofofi. 'Yan dakon sun zo da shirin aikin yini, amma kafin gumi ya keto musu sun gama. Tabarma, akwati ɗaya mai karyayyen marfi, tukwane biyu, buta, bokitai, sai turmin da aka mirgino ya tsaya a bakin kwata. Abin da 'yar Malam mai goro ta mallaka ke nan, a tsakiyar hanya, rana tana dukansa, kowa yana gani.

Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya koma ya rungumo firjin. A nan Abdurrazak ya ɗago kai daga wayarsa.

"Non, non, laissez. Wannan nawa ne, da kafet da sauran. Ku bar su inda suke, ranar Juma'a baƙin farko za su sauka."

Ashe kayan masaukinsa ya aiko tun da wuri, ya kuma samu mai gadi kyauta. Na ga fuskar Rahinatu lokacin da maganar ta shige ta, ta toshe baki da mayafi ta juya ta shige gida. Goggo ta fito daga ɗakin a ƙarshe, tana dafa bango. Ta tsaya a gabansa, shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita, yana ta shafa waya.

"Babana," ta ce, "na goge maka shi. Ban sa komai a ciki ba."

Aka sa sabon kwaɗo a ƙofar. Bilki ta tafi neman amalanke, ko da yake ita kanta ba ta san inda za a kai kayan ba, domin mai gidan da take haya ya riga ya ce ba ya son rigima. Goggo ta zauna a kan turminta a bakin hanya ta haɗa hannuwa a cinya. Masu wucewa zuwa kasuwa suka fara rage tafiya suna kallo.

Hajiya Fatimatu ce ta fara motsawa. Ta shiga gida da sauri ta fito da babban zanen gado mai furanni, sabo fil, ta baza shi a kan tukwanen da akwatin da bokitan, ta soke gefe da gefe yadda ba a ganin komai. Wani mai babur, baƙo ne a lungun, ya tsaya ya tambaya lafiya, me ya samu tsohuwa.

"Lafiya lau," in ji Hajiya. "Gyaran gida ɗanta yake mata."

Mutumin ya dubi Goggo. Goggo ta gyaɗa kai ta ce alhamdu lillahi.